Ranar da Injiniya Ya Wanke Kekensa

A gidan hayar da nake zaune, ƙofata tana kallon ƙofar wani bawan Allah da kowa ke kira Injiniya. Kada ka ji sunan ka ɗauka ya taɓa leƙa ajin injiniyoyi. Aikinsa kula da sito ne a wani kamfanin fenti: ya buɗe da safe, ya ga an shigo da gwangwanaye, ya ga an fita da su, ya rufe da yamma. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa ranar da ya gyara famfon tsakar gida, gyaran da ya sa muka kwana biyu muna roƙon ruwa a maƙwabta.

Injiniya yana da wani tsohon keke da yake zuwa aiki da shi. Asalinsa keken hawan duwatsu ne, irin mai ƙaton jikin nan da tayoyi masu gurzi-gurzi. Amma da yake tsakanin gidanmu da kamfanin fenti babu dutse ko ɗaya, sai Injiniya ya ce keken yana bukatar ilimi. Ya cire tayoyin ya sa sirara. Ya ɗaura kwando a gaba, ya ɗaura kiret a baya. Ya lanƙwasa fallen kwano ya rufe saman tayoyin saboda taɓo. Ya liƙa madubi mai faɗin faranti, sannan ya kafa laima a tsakiya. Da ya gama, ya bi komai da koren fenti, har sarƙa. In ya taho daga nesa, sai ka rantse rumfar mai kayan miya ce ta gaji da zama ta kama hanya.

Laimar tawa ce. Yini ɗaya ya ce in ara masa, yau damina ta uku ke nan. Kullum ina ganinta tana wucewa ta gabana, na kuma haƙura.

Abin da ya tayar da maganar sayarwa babur ne. Yayan matarsa, wanda duk muke taya ta kira Yaya, zai sayar da babur ɗinsa, ja, mai ƙyalli, wanda bai sha wahala ba. Injiniya ya daɗe yana mafarkinsa, ya tara abin da ya tara, saura kaɗan ya cika. Yaya kuwa mutum ne mai magana ɗaya. Ya ce zai jira zuwa Asabar, in kuɗi ba su cika ba zai miƙa wa Mai aski na bakin layi, wanda shi ma ya daɗe yana zagaya babur ɗin yana haɗiyar yawu. Injiniya kuma ya riga ya shelanta wa duk ma'aikatan kamfani cewa ranar Litinin da ƙarar inji za su ji zuwansa.

Ina tsakar gida ina wanke takalmi ya fito yana buga ƙirji, ya tarar da matarsa tana yanka sabulun da take yi na sayarwa.

"Maman 'yan biyu, kwanan keke ya ƙare a gidan nan. Sayarwa zan yi, in cika wa Yaya kuɗinsa, har in ba ki canji ki yi ɗinki."

Ba ta ɗago ba. "Ka tambayi mai shi?"

"Wane mai shi? Duk notin da ke jikin keken nan, wannan hannun ne ya ɗaura shi."

"To, Allah ya kawo kasuwa," in ji ta, ta ci gaba da yankan sabulunta.

Farkon abin da ya yi shi ne sabon fenti. Ya kwaso guntattakin da suka rage a gindin gwangwanaye, ya haɗa, ya ga bai yi masa ƙyalli ba, sai ya tsiyaya man inji a ciki. Na ce masa, "Injiniya, anya fenti da mai suna shiri?"

"Maƙwabci, kai dai tsaya a kan abin da ka sani. Wannan sirri ne, masu kamfanin ma ba su kai nan ba."

Keke ya yi ƙyalli kam, ba ƙarya. Ya ɗauki hotonsa ta gaba da ta baya ya sa a kasuwar waya, ya rubuta cewa babu irinsa a duniya. A nan dai gaskiya ya faɗa. Matsalar kawai, fentin ya ƙi bushewa.

Mai saye na farko wani matashi ne ɗan ofis, ya zo cikin farin wando mai kari. Ya zagaya keken sau ɗaya, ya ce bari ya ji zaman sirdin. Ya zauna lafiya. Tashin ne ya zo da wata ƙara, cwaaat, kamar an ɓare filasta. Ya waiga ya ga bayansa, ya dubi Injiniya.

"Malam, mene ne wannan?"

"Alama ce ta sabon fenti. Wani ya sayar maka da tsohon fenti, ni sabo fil na ba ka, har kana tafiya da shi."

"Daga nan ofis zan koma!"

"To ka riƙa ba bango baya. Ai mutumin kirki ba ya juya wa manyansa baya dama."

Da ƙyar na shiga tsakani. Maman 'yan biyu ta ba yaron sabulu guda kyauta, ya tafi yana tafiyar kaguwa.

Washegari wani mai kai burodi shaguna ya zo, kakkauran mutum mai fara'a. Kiret ɗin baya ne ya burge shi. Wannan karon Injiniya ya yi dabara, ya shimfiɗa jarida a kan sirdi. Mutumin ya hau, ya taka feda, ya kama gangaren layinmu. Sai da ya yi nisa Injiniya ya tuna.

"Af! Birkin! Kai, mai burodi! Na dama ba ya ci, na hagu sai ka matsa ka saki ka sake matsawa!"

"Me ka ce?"

"Ka sa ƙafa a ƙasa!"

Iska ta shiga laima, laima ta ja keke, keke ya ja mai burodi. Ya wuce shagon Mai aski yana salati, ya kwashe igiyar da aka shanya tawul, ya je ya dira cikin tarin kwalayen Mai shagon layinmu. Allah ya tsare, bai ji ciwo ba. Ya miƙe da tawul a wuya, jarida manne a mazaunai, mutane suna binsa suna karanta labaran wasanni.

"Ka so ka kashe ni!" in ji shi.

"Ni shekara nawa ina hawa ban faɗi ba? Birkina mai hankali ne, ba ya son gaggawa. Kai ne ba ku fahimci juna ba."

"Ku ci gaba da fahimtar juna, kai da shi."

Wani da ya sha wannan kashi sau biyu sai ya sassauta. Injiniya cewa ya yi matsalar ita ce ana zuwa ɗaya-ɗaya, babu mai yi wa jama'a bayani. Don haka ya sa rana, Asabar da hantsi, a bakin layi gaban shagon Mai aski, zai yi wa duniya bayanin keken dalla-dalla. Dama wani ya kira shi a waya ya ce ya ga hoton, zai zo da kansa.

Ranar Asabar layinmu ya cika. Mai shago ya fito da benci. Baba mai gida, tsohon da ke karɓar hayarmu, ya sa aka kawo masa kujerarsa. Yaya ya iso a kan jan babur, ya kafe shi a inuwa, yana kaɗa makulli a yatsa. Mai aski ya bar wani da rabin kai ya fito ya tsaya kusa da babur ɗin yana shafa tankinsa. Maman 'yan biyu tana bakin ƙofar gida, ta harɗe hannuwa.

Can sai ga wata mota ta tsaya, mai ƙarafan ɗaukar keke a samanta. Wani dogon mutum ya fito, siriri, cikin matsattsen wando, ƙwaurinsa kamar an sassaƙa. Nan take yaran layi suka sa masa Dogo. Ya yi sallama ya gaisa da kowa, Injiniya kuma ya yi gyaran murya ya hau bayani.

"Jama'a, ku dubi madubin nan. Daga nan kana ganin wanda ke binka da wanda ke da niyyar binka. Ku dubi kiret, ya taɓa ɗaukar buhun siminti bai ce uffan ba. Wannan marufin taya kuwa, ni na zana shi da kaina, na kwana ina lissafin lanƙwasarsa."

Dogo bai dubi ko ɗaya ba. Ya durƙusa, ya kafa ido a inda ƙarafan jikin keken suka haɗu, yana ƙwanƙwasawa da farce yana kasa kunne. Abin ya ɓata wa Injiniya rai.

"Malam, ɗago kanka mana. Ina nuna maka nama kana lasar ƙashi."

"Wannan ƙarfen na asali ne? Ba a taɓa yi masa walda ba?"

"Wannan? Ai wannan tarkace ne! A bola na tsince shi. In ƙarfen ne kawai, kuɗin shayi ma ya yi masa yawa. Duk tsadar keken nan tana nan." Ya buga goshinsa da yatsa. "Ƙwaƙwalwa kake saye, Malam, ba ƙarfe ba."

Na saci kallon Maman 'yan biyu. Girarta ɗaya ta ɗaga.

Dogo ya miƙe yana duban tafin hannunsa, ya koma kore shar. "Ina son ganin ƙarfen da kyau. Fentin nan ba ya goguwa?"

"Ba ya goguwa? A hannun wa?" Injiniya ya ruga cikin gida ya fito da wata jarka. "Wannan haɗi ne na musamman, ni na ƙirƙira. Zai ɗauke sabon fentin kawai, ya bar na ƙasa lafiya lau."

Warin abin kaɗai ya sa Baba mai gida ya ja kujerarsa baya. Injiniya bai ɗiga a tsumma ba kamar yadda mai hankali zai yi. Ɗaga jarkar ya yi ya kwarara wa keken tun daga gaba har baya, ya bi da tsumma yana murmushi. Sabon fenti ya narke. Tsohon fenti ya ce ba a bar shi a baya ba, shi ma ya biyo. Kore yana zuba ƙasa, launukan da aka binne shekara da shekaru suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Kiret ne ya fara magana. Ya fito jajir, ga sunan shagon Mai shago ɓaro-ɓaro a gefensa.

Mai shago ya miƙe daga benci a hankali. "Injiniya. Kiret ɗin da na yi rigima da mai motar lemo a kansa, har ya daina gaishe ni?"

"Ka kwantar da hankalinka. Aro ne don bincike."

"Wa ka tambaya?"

"Ka ga, kiret ɗin nan ya ga gari. Da yana shagonka ina zai je?"

Bai rufe baki ba Mai aski ya kurma ihu. Bayan madubin ya wanku, ga hoton almakashi da ya liƙa da hannunsa. "Madubina na nuna ƙeya! Ka karɓa za ka ɗaure min mariƙinsa, ka dawo ka ce ya faɗi ya fashe!"

"Ya faɗi mana. Fashewar ce ban tabbatar ba."

"Tun daga ranar da baki nake gaya wa mutane yadda ƙeyarsu ta yi!"

Injiniya ya yi wuf ya tare keken da jikinsa, ya rungume shi, wai kada a ga saura. Rigarsa ta koma kore, haɗin kuma bai fasa gangara ba. Kwanon da ke saman tayoyi ya fito shuɗi, launin rufin gidanmu sak. Baba mai gida ya gyara tabarau, ya dubi kwanon, ya ɗaga kai ya dubi giɓin da ke indararon rufinsa, ya sake duban kwanon.

"Ɗan nan," in ji Baba, "ashe kai ne iskar?"

"Wace iska, Baba?"

"Iskar da ka ce ta ɗauke min indararo! Damina biyu ruwa yana zuba a ƙofar ɗakina, har na zame na zauna a ciki, kai ka ɗaga ni kana cewa sannu!"

"Ai da zuciya ɗaya na ce sannun, Baba."

Wuri ya kaure da dariya. Wanda aka bari da rabin aski ya fito da ƙyalle a wuya yana riƙe ciki. Mai shago bai tsaya dariya ba, ya zaro sifana daga aljihun Injiniya ya kwance kiret ɗinsa, ya miƙa wa Mai aski. Mai aski ya kwance madubi ya miƙa wa Baba. Baba ya ce idonsa ba ya ganin noti, Yaya ya taya shi. Ɗaya daga cikin 'yan biyu ta leƙo ta ce, "Mama, ga kwandon wankinki!" aka cire shi ma. Ni kuma da na ga rabo ake yi, na matsa a hankali na zare laimata. Ta ɗan kode, amma wallahi na yi kewarta.

Kafin a jima babu abin da ya rage sai ainihin keken, da sirdi, da tayoyi biyu da suka suɗe. Abin mamaki, da aka raba shi da kayan mutane sai ga shi kyakkyawa, ruwan azurfa, babu tsatsa, babu lotsawa ko ɗaya. Dogo ya shafa shi a hankali, fuskarsa ta washe.

"Wannan na zo nema. An daina yin irin ƙarfen nan, na daɗe ina cigiyarsa." Ya sa hannu a aljihu. "Kuɗin shayi ka ce, ko? Da madara ko babu?"

"A'a, tsaya, ai wannan magana ce kawai…"

"Mun ji da kunnenmu!" in ji Mai aski. "Tarkace ne, a bola ya tsinta!"

"Muna shaida!" in ji Mai shago, rungume da kiret.

Yaya ya girgiza kai, ya daina kaɗa makulli, ya juya wajen Mai aski. "To, ai ka ji. Kuɗinka suna kusa?"

Injiniya ya yi tsuru-tsuru, kore tun daga haɓa har gwiwa. Ya dubi jan babur, ya dubi ƙasa. Tun da na san shi ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba sai ranar, kuma duk da laimata, tausayinsa ya kama ni.

"Malam," aka ce daga bakin ƙofa, "da wanda ya tsinta kake ciniki, ko da wadda ta saya?"

Maman 'yan biyu ta taho a natse, mutane suka dare mata.

"Shekarar da ya samu aikin nan, a ƙafa yake zuwa ya dawo, har takalminsa ya buɗe baki. Na tara ribar sabulu, na roƙi Yaya ya raka ni shago, na ce a ba ni wanda ya fi kowane ƙarfi, don mijina ba ya riƙon abu da sauƙi. Yaya, ƙarya nake?"

"Ni na turo shi har gida," in ji Yaya.

Ta juya ta dubi mijinta. "Baban 'yan biyu, in a bola ka tsince shi, to ni ce bolar."

Dariya ta ɗauke ɗif. Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Ban manta ba," in ji shi can ƙasa. "Wallahi ban manta ba. Baki ne."

"Na sani. Da shi na aure ka." Ta ɗora hannu a kan sirdi, ta dubi Dogo. "Malam, mutumin da ya ƙona mai ya keto gari da ƙarafa a saman mota, ya durƙusa a ƙasa yana sauraron ƙarfe, ba shayi ya zo saye ba. Matso nan mu yi magana."

Suka koma gefe. Ba mu ji abin da aka ce ba, amma mun ga Dogo ya kama hanyar mota sau biyu yana dawowa, ita ko motsi ba ta yi. Daga ƙarshe ya share gumi, ya yi dariya, ya zaro waya ya tura abin da ta faɗa. Ya ɗora keken a saman mota yana lallaɓa shi kamar jariri.

Maman 'yan biyu ta wuce kai tsaye wajen Yaya, ta cika masa abin da ya rage, ta karɓi makulli. Mai aski ya yi tsaki ya koma kan rabin kan da ya bari. Injiniya ya miƙo hannu, bakinsa har kunne. Ta ɗaga makullin sama.

"Tsaya tukuna. Da kuɗin kekena aka cika, don haka tayar gaba da makullin nan nawa ne, aro zan ba ka. Yadda ka fita da shi da safe, haka za ka dawo da shi da yamma. Ko tsinke ba za ka liƙa masa ba."

"Ko ɗan ƙaramin…"

"Ko tsinke. Kuma je ka ɗauko min akwatin sifanoninka."

A gaban kowa ya ɗauko ya miƙa, bayan an yi alkawarin za a ba shi guda ɗaya washegari ya hau rufi ya mayar wa Baba indararonsa, Baba na tsaye a ƙasa yana kallo.

Ranar Litinin da safe na fito na same shi a kan babur, yana murza shi duk layi na amsawa. Har yanzu akwai sauran kore a bayan kunnensa.

"Maƙwabci, ka ga aiki? Duk ni na tsara. Na kushe ƙarfen ne don mutumin ya saki jiki, sannan na saki Maman 'yan biyu a kansa. Dabarun kasuwa ke nan, ba kowa zai gane ba."

"Lallai kam," na ce.

Sai yayyafi ya fara sauka. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi tsakiyar kan babur, ya auna wurin da yatsu biyu, sannan idonsa ya sauka a kan abin da ke hannuna.

"Maƙwabci, laimar nan taka… yau ɗaya kawai."

"Baban 'yan biyu!" aka kira daga cikin ɗaki.

"Gaishe ta kawai na yi!" in ji shi. Ya ja babur ya shiga ruwan, ni kuma na ƙara damƙe laimata da hannu biyu.